Daga Maigatari zuwa gaban jirgi

Ridi da zoɓo ne abincina. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, nan nake da gida da gona da sito, ranar Alhamis kuma in dai ina ƙasa to a kasuwar Maigatari za a same ni. Muna saye a hannun manoma, mu tara, mu gyara, mu tura Dawanau, daga can sai Legas a cika kwantena. Da hannu ya ɗan yi ƙarfi sai ubangidana, wanda a wurinsa na koyi awo, ya ce lokaci ya yi da zan riƙa zuwa ina ganin masu saye da idona, in daina jin farashi a bakin dillalai. Abin da ya fara sa ni a jirgi ke nan. Dubai a farkon shekara lokacin baje kolin abinci na Gulfood, Guangzhou a Afrilu ko Oktoba lokacin baje kolin Canton, wani zubin Turkiyya wajen masu matse ridi, sai Umara idan Allah ya hore.

A majalisarmu kowa da abin da ya yi imani da shi kan yadda ake ɗaukar mutum daga baya a kai shi kujerun gaba ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Wani ya ce babbar riga ce mai aiki da hula mai tsada. Wani ya ce sanayya ce, sai kana da wani a kanta. Wani ya ce ɗan abin goro ake miƙawa. Ni dai ban shiga harkar katin jirgi don neman kujera ba, kilo ne ya kai ni. Samfurin ridi da zoɓo yana da nauyi, a dawowa kuma ga sautun mutanen gida, kullum sai na biya kuɗin ƙarin kaya. Ɗan yayana da ya yi karatu a Dutse ne ya ce, “Baffa, ai kamfanonin nan suna da kati na masu yawan tafiya, kyauta ake yi, in ka hau mataki suna ƙara maka jaka.”

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ya cika min, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa. Abu na farko da ya dage a kai shi ne suna. Dole sunan da ke kan katin ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, inda mutum ɗaya yake Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, sunan garinsu kuma a fasfo. In sunan tikiti ya saɓa da na kati, na’ura ba za ta gane kai ne ba, tafiyar ta tafi a banza.

Sai zaɓen kamfani. Jiragen ƙasashen waje da muka saba gani a filin jirgin Malam Aminu Kano kowanne da katinsa: Ethiopian yana da ShebaMiles, EgyptAir yana da EgyptAir Plus, Qatar Airways yana da Privilege Club, Saudia yana da Alfursan. Kuma kowanne yana cikin wata ƙungiya ta ƙawance. Star Alliance ce ta fara, a 1997, a cikinta Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa suke. Oneworld ta zo a 1999, can Qatar da British Airways suke. SkyTeam ta biyo a 2000, ita ce ta Saudia da KLM da Kenya Airways. Amfanin sanin wannan shi ne kana iya hawa jirgin wani kamfani ka zuba makin a katin ƙawarsa. Yaron ya ce kada in rarraba, in riƙe kati ɗaya. Na zaɓi wanda ya fi yawan kai ni inda nake zuwa, na tsaya a kansa.

Maki iri biyu ne, kuma da yawa daga cikin abokan tafiyata har yau suna haɗa su wuri guda. Akwai wanda ake tarawa a kashe, a karɓi tikiti ko a sayi kujerar gaba da shi. Akwai kuma wanda ba a kashewa, shi ne ma’aunin matsayinka, ana lissafa shi cikin wata 12, in wa’adi ya cika ba ka kai ba sai a sauke ka. Matakan yawanci huɗu ne, sunayensu kusan iri ɗaya: Blue ko makamancinsa a ƙasa, sai Silver, sai Gold, sai Platinum. Mu azurfa da zinariya muke cewa. A Emirates mil 25,000 ne azurfa, 50,000 zinariya, 150,000 Platinum. Qatar kuma da nasa makin yake auna mutum, 150 da 300 da 600.

Na zauna na yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Daga Kano zuwa Guangzhou, ko ta Alƙahira ka bi, ko ta Adis Ababa, ko ta Doha, kusan mil 7,000 ne. Zuwa da dawowa 14,000. Na ce to ai abin ba wuya. Da na dawo daga tafiya ta gaba muka buɗe manhaja, sai muka tarar abin da ya shiga bai kai rabin haka ba.

Na kira ejan ɗina a Kano, wanda yake yankar min tikiti tun farko. Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ai kai kullum mafi araha kake cewa in nemo maka. Duba tikitinka, akwai wani harafi guda ɗaya kusa da lambar jirgi.” Na duba, ga shi nan kuwa. Ya yi min bayani cewa a cikin ikonomi kaɗai, wato kujerun baya, akwai haruffa fiye da goma, kowanne da farashinsa da sharaɗinsa. Y shi ne cikakken kuɗin baya, J cikakken kuɗin bizines, wato kujerun gaba, F na ajin farko a jiragen da suke da shi. Ƙasa da Y akwai irin su B da M masu ɗan tsada, sai a gangara har zuwa masu rangwame, waɗanda haruffansu suka bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, abinci ɗaya, bargo ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin na ɗan’uwansa. Babban harafi yana ba da cikakken mil, ƙarami yana ba da rabi ko kwata, wani ma ba ya ba da komai. Jirgin shata na alhazai kuwa ba ya shiga lissafin nan, haka ma yawancin tikitin rukuni da masu shirya Umara suke yanka da yawa a lokaci guda.

Daga ranar na riƙa tambayarsa harafi kafin in turo kuɗi. In bambancin kaɗan ne in hau na sama, in da yawa ne in bar shi. Na kuma koyi ajiye takardar shiga jirgi, don wani lokaci mil ba ya shiga da kansa, sai ka tura hotonta kafin watannin da suka yanka su wuce.

A haka na kai azurfa. Abin da na samu shi ne layi na daban wajen awon kaya da ɗan ƙarin kilo. Kujera kuwa tana nan a baya inda take. Akwai tafiyar da na leƙa na ga gaban jirgi kusan rabi babu kowa, mu kuma muna takure gwiwa na dukan kujera. Abin ya tsaya min a rai. A tafiya ta gaba na zo da wuri, kanta babu layi, na tarar da wata ma’aikaciya mai ɗan shekaru, muka gaisa sosai, na ce, “Hajiya, don Allah in tambaye ki. Na ga gaba babu mutane, ga kati ina da shi, me ya hana a matsar da ni?”

Ta ce, “Alhaji, ai ba don gaba babu kowa ake matsar da mutum ba. Don baya ta cika ake yi.”

Wannan maganar ita ce gaba ɗayan sirrin, a kan hanyoyinmu dai. Kamfanin jirgi yana sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, saboda ya san a kowace tafiya akwai wanda zai makara, akwai wanda biza za ta hana, akwai wanda jirginsa na farko bai iso a kan lokaci ba. Kwamfuta ce take duba tarihin hanyar ta ƙiyasta mutum nawa ne ba za su zo ba. Yawanci ƙiyasin yana yin daidai. Ranar da ya kuskure, kowa ya zo, sai a samu mutanen baya sun fi kujerun baya. To a nan kamfani yana da zaɓi biyu: ya bar wasu a ƙasa ya biya su diyya da otal da abinci, ko ya ɗebi wasu ya kai gaba inda akwai wuri. A Turai, dokar da suka yi a 2004 ta sa diyyar wanda aka hana shiga doguwar tafiya ta kai Yuro 600, ta kuma hana kamfani neman ƙarin kuɗi daga wanda shi da kansa ya matsar gaba. Kowa ya san wanne ya fi sauƙi.

Duk wanda ya taɓa hawa mota a tashar Gumel ranar kasuwa ya ga irin wannan. Baya ta cika, ga ƙarin fasinja ya zo da kuɗinsa a hannu, gidan gaba kuma babu wanda ya biya. Kamasho ba sabon zuwan zai ba gidan gaba ba. Zai waiga ya kira wanda yake hawa motarsu kowane mako ya ce ya dawo gaba, sabon ya shiga gurbinsa. Ya faranta wa na kullum, ya karɓi kuɗin baƙo, bai yi asarar komai ba. In kuwa baya ba ta cika ba, gidan gaba haka zai tafi.

Na tambaye ta wa yake zaɓa. Ta juyo min da allon kaɗan, ba don in karanta ba, don dai in ga jerin sunaye ne. Ta ce na’ura ce take jero mutane. A sama masu babban kati na kamfanin kansa, sai masu zinariya, sai masu kati daidai da wannan daga kamfanonin ƙawance, sai azurfa. In mutum biyu matsayinsu ɗaya, a duba harafin tikiti, wanda ya fi biya ya wuce. Ta ce akwai waɗanda ake yawan tsallakewa ko da suna sama: mai jariri a cinya, mutanen da suke tikiti ɗaya su uku ko huɗu alhali kujera ɗaya ake buƙata, wani lokaci har wanda ya yi odar abinci na musamman, tunda an riga an loda tiren da lambar kujerarsa ta baya. Ta ce ita in ta tsallake jerin ta ɗauki wanda ta ga dama, sunanta yana nan a rubuce, gobe za a kira ta ofis ta yi bayani.

Na ce to babbar riga fa? Ta yi murmushi ta ce na’ura ba ta da ido.

Na yi ta juya dalilin da ya sa za su gwammace kujera ta tafi babu kowa da su ba ni. Da farko na ɗauke shi rowa. Amma ni ma mai sayarwa ne. In mai saye ya gane cewa duk ranar da kayana suka yi kwantai zan ba shi kyauta, ba zai sake saye ba, jira zai riƙa yi. Kujerar bizines a doguwar tafiya takan ninka ta baya sau uku ko fiye, kuma a kanta ribar jirgi ta fi dogara. Suna kare farashinta ne. Ban ji daɗi ba, amma ban ga laifinsu ba.

Da babbar Sallah wani ɗan garinmu da yake aikin likita a Amurka ya zo gida. Bayan an ci nama muna zaune a zaure na kawo maganar, sai ya ce, “Yaya, ai namu can daban ne.” Ya buɗe wayarsa ya nuna min. A can abin ya faro, kamfanin American ne ya buɗe katinsa mai suna AAdvantage a 1981, sauran suka bi. A tafiye-tafiyen cikin ƙasar, matsar da mai kati gaba alkawari ne a rubuce: in akwai kujerar da ba a sayar ba, za a ba wani daga cikin jerin, ko baya ta cika ko ba ta cika ba. Jerin kuma a fili yake, a waya da kuma allon ƙofar shiga jirgi, haruffa uku na sunan mahaifi da harafin farko na sunanka, kowa yana ganin lambarsa.

Har lokacin da ake fara dubawa an raba shi bisa matsayi. A kamfanin Delta, masu Diamond, wato matakin da ya fi Platinum, da masu Platinum ɗin tun saura kwana 5 ake iya tabbatar musu, masu Gold saura kwana 3, masu Silver saura awa 24. A kamfanin United, na sama saura awa 96, sai 72, sai 48, sai na ƙasa a ƙarshe. A American na sama saura awa 100. In an yi kunnen doki sai a duba harafin tikiti, ko yawan makin da mutum ya tara cikin wata 12, ko yana riƙe da katin bankin da kamfanin yake haɗin gwiwa da shi, daga ƙarshe a duba wa ya riga nema. Tikiti mafi araha na Delta da United ba ya shiga jerin ma sam. A saman duk waɗannan akwai wani mataki da ba a nema, gayyata ake yi, irin su Global Services a United da ConciergeKey a American, na mutanen da suke zuba wa kamfani maƙudan kuɗi.

Na ce to ai ku kun huta. Ya ce ina! Ya nuna min wata tafiya da yake na ashirin da wani abu a jeri, kujera biyu ta rage. Ya ce shekarun baya yawancin kujerun gaba a cikin Amurka kyauta ake rabawa, yanzu kamfanonin sun koyi sayar da su da rangwame ta waya har zuwa ranar tashi, abin da yake ragowa masu kati kaɗan ne. Sun kuma sauya ma’auni daga nisan tafiya zuwa kuɗin da ka kashe: United daga 2020, American daga 2022, Delta kacokan daga 2024, British Airways ma ta bi sahu a 2025. Tafiyar tsallaka teku kuwa, irin wadda ta kawo shi gida, ba ta cikin kyautar. Sai dai mutum ya yi amfani da wasu takardun matsarwa da ake ba manyan masu kati ’yan ƙalilan a shekara. Shi ma a baya ya zauno har Abuja.

Zinariyata ba dabarata ce ta kawo ta ba, halin ƙasa ne. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a watan Yunin 2023 abin ya kai dala miliyan 850. Kamfanoni da yawa suka rufe ƙananan haruffa ga masu saye da naira, Emirates ma ta dakatar da zuwa ƙasar gaba ɗaya, ba ta dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Ejan ɗina ya ce, “Alhaji, babu mai araha, sai na sama.” Ga masu saye suna jira, ga kaya a sito. Muka biya muna ƙunar rai. Amma manyan haruffan nan cikakken mil suke bayarwa, kafin in ankara saƙo ya shigo cewa na hau zinariya.

A nan na ga amfanin kati na gaske. Jaka guda ƙari kyauta, kuma ita ce ta kawo ni tun asali. Kayana suna fitowa da wuri. A filin da muke canza jirgi, inda a da nake shimfiɗa darduma a lungu in kwanta a kan benci, yanzu ina shiga falon manyan baƙi in yi wanka, in ci abinci, in yi sallah a natse, in caja waya. Wanda ya taso daga ƙauye tun asuba, ya bi ta Gujungu ya sha hanya har Kano, ya kwana a sama, shi ya san darajar ruwan wanka. Amma ko a ƙa’idar ƙawancen, zinariya ba ta ba ka haƙƙin kujerar gaba. Tana dai matsar da sunanka sama a jerin da ba ka gani.

Sai kuma saƙonnin imel suka fara zuwa saura kwana biyu ko uku a tashi: ka taya kujerar gaba, ka faɗi abin da za ka iya ƙarawa, in tayinka ya fi na wasu a ba ka. Wani kamfanin Kanada mai suna Plusgrade ne yake gudanar wa jirage da yawa wannan gwanjon. A kanta ma wani lokaci sukan ce akwai gaba a kan kaza. Wato kafin a zo kan kyauta, sai an gwada sayarwa da cikakken kuɗi, an gwada da mil, an gwada da gwanjo, an gwada a kanta. Abin da ya tsira daga duk wannan, kuma baya ta cika, shi ne rabon mai kati. Ban taɓa tayawa ba. In na mayar da kuɗin buhun ridi sai hannuna ya ƙi.

Wata Umara da na tafi da maiɗakina jirgi ya cika maƙil, na ga an kira mutum biyu an canza musu takarda, ɗaya na san azurfa gare shi. Mu tikitinmu ɗaya ne, ita ba ta da kati. Na tuna maganar Hajiya na yi shiru. Ko da an kira ni ma, ban ga yadda zan bar ta a baya in je in miƙe ƙafa ba. Goman ƙarshe na azumi kuwa kada ma mutum ya sa rai, don gaban ma cike yake da waɗanda suka biya da kuɗinsu.

Ranar da abin ya faɗo kaina, lokacin baje kolin Oktoba ne, a zango na biyu, mai tsawon. Da ubangidana muke tafe, amma kowa da tikitinsa, shi bai taɓa yarda da zancen kati ba, cewa yake wasan yara ne. Filin cike yake da ’yan kasuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban, kowa Guangzhou ya nufa. Na miƙa takardata a ƙofa, na’ura ta yi ƙara ta kawo ja. Gabana ya faɗi, don mai koren fasfo in ya ga ja ba alheri yake fara kawowa a ransa ba. Ma’aikacin ya karɓe takardar, ya yaga, ya buga wata ya miƙo min. Lambar kujera ta tashi daga talatin da wani abu ta koma layi na uku. Bai yi min wani bayani ba, ya ce in wuce.

Na tsaya a bakin hanya har ubangidan nawa ya ƙaraso. Ya haura saba’in, ga ciwon gwiwa, ga tafiyar awa kusan goma a gaba. Na ce, “Ranka ya daɗe, an canza min kujera, ga ta, kai za ka zauna.” Ya ce, “Kai dai je ka ci rabonka.” Na ce wallahi ba za a ji wannan labari a gida ba, a ce ina kwance a gaba yana naɗe a baya. Ba a musanya kujera irin wannan da ka, don sunan kowa yana rubuce da inda yake, saboda haka na nemi shugabar ma’aikatan cikin jirgi na ce mahaifina ne, ba shi da lafiyar ƙafa, ina roƙon mu yi musanya. Ta duba takardun biyu, ta ce ta yarda da sharaɗi ɗaya: musanya sau ɗaya ce, tun daga tashi har sauka, babu kai-da-kawo tsakanin gaba da baya. Na raka shi, na nuna masa maɓallin da yake kwantar da kujera ta zama gado, na ce in an kawo abin sha ya ce ruwa ko lemo, na koma kujerarsa ta tsakiya tsakanin wasu ƙarti biyu.

Da muka sauka ya fito fes kamar wanda ya kwana a ɗakinsa. A layin shige da fice ya matso ya ce, “Wannan katin naka, yaron nan zai iya yi min?” Da muka dawo gida aka yi masa, a ƙarƙashin kulawar ɗan yayana, aka yi ta fama da sunansa da yake iri uku a takardu uku.

Ni kuma sai daga baya na ɗanɗana, a gajeren zango na dawowa Kano, ni kaɗai, jirgi cike da masu dawowa daga Umara. Kafin in gama gane maɓallan kujerar har an fara sauka.

Bara masu saye daga Sin da Indiya sun yawaita zuwa Dawanau da kansu, wasu har da wakilai a Maigatari lokacin kaka, sauran cinikin kuma a WhatsApp ake gamawa da hoton samfur. Ƙananan haruffa sun dawo kasuwa tun da aka biya kamfanonin kuɗinsu a 2024. Tafiyata ta ragu, mil ɗin ma ya ragu. Saura wata biyu wa’adina ya cika saƙo ya zo cewa in na ƙara mil kaza zan riƙe zinariya. Ejan ya kira ya ce akwai wata tafiya da za ta cike gurbin in na hau babban harafi. Na ɗauki biro na haɗa kuɗin tikitin da na biza da na otal a gefe ɗaya, na sa kuɗin ƙarin jaka na shekara guda da abincin filin jirgi a ɗaya gefen. Na farkon ya ninka na biyun har da ɗoriya. Na ce masa ya bari, in tafiyar Dubai ta zo ya nemo min mai araha wanda yake ba da ko rabin mil ne. Kuɗin na zuba su a zoɓo, katin ya koma azurfa a farkon wata.